Waƙa Ɗaya, Sai Shiru: Waiwaye Kan Mawaƙan Rok Na Shekarun 1990

Ranar 20 ga Janairun 2021, ranar da aka rantsar da Joe Biden a matsayin shugaban Amurka, annobar korona ta hana a yi faretin da aka saba, sai aka mayar da shagalin kan talabijin da intanet. Cikin waɗanda suka yi wasa a ranar har da wani dogon mutum mai hula da ta kusa rufe masa ido, wanda yawancin masu kallo ba za su iya faɗin sunansa ba. Amma da aka kaɗa kiɗan farko, miliyoyin mutane sun gane waƙar. Mutumin shi ne Gregg Alexander, ƙungiyarsa New Radicals, waƙar kuma “You Get What You Give” ta 1998. Kusan shekara 22 rabon ƙungiyar da ta yi wasa tare. Abin da ya dawo da ita shi ne Beau, ɗan Biden, ya riƙa jin waƙar lokacin da yake jinyar cutar dajin da ta yi ajalinsa a 2015, kuma mahaifin ya ba da labarin haka a littafin da ya rubuta bayan rasuwar.

Turawa suna da wani laƙabi da suke manna wa irin waɗannan mawaƙa, wanda ma'anarsa ita ce “abin mamaki mai waƙa ɗaya”. Rabinsa yabo ne, rabinsa ba'a, kuma ba'ar ta fi yawa. Ana nufin wanda ya yi tashe da waƙa guda, duniya ta ɗauka, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kamar wutar kara. Mun ɗauki makonni muna sake sauraron faya-fayen wasu ƙungiyoyin kiɗan rok na shekarun 1990 da aka jefa cikin wannan kwando, ba waƙar da ta yi tashen kaɗai ba, har sauran da ke kewaye da ita. Abin da muka fito da shi shi ne laƙabin ya fi ba da labarin kasuwa a kan mawaƙan, ko da yake akwai waɗanda ya dace da su cif, za mu zo kansu.

Mu fara da ma'aunin kansa. Wanda aka fi amfani da shi na mujallar Billboard ta Amurka ne: duk mawaƙin da waƙarsa ɗaya ce tak ta taɓa shiga sahun 40 na farko a jadawalin waƙoƙi 100 da suka fi tashe, to ya shiga kwando. Idan aka bi wannan lissafi ido rufe, Jimi Hendrix, wanda da yawa ke ɗauka ba a taɓa yin makaɗin jita kamarsa ba, mai waƙa ɗaya ne, don “All Along the Watchtower” ce kawai ta kai masa wannan sahu, ta tsaya a ta 20 a 1968. Haka ma Grateful Dead, waɗanda suka shekara talatin suna cika filaye, sau ɗaya suka shiga, a 1987. Sannan ma'aunin ba ya tsallake teku. A Amurka, The Verve masu waƙa ɗaya ne, wato “Bitter Sweet Symphony” ta 1997. A Ingila kuwa kundin da waƙar ta fito ciki yana daga cikin waɗanda aka fi saya a tarihin ƙasar, kuma wata waƙar daban daga cikinsa ce ta hau matsayi na ɗaya. (Abin takaicin ma, kuɗin waccan waƙar ba su shiga aljihun Richard Ashcroft da ya rubuta ta ba, saboda rigimar wani guntun kiɗa da aka aro daga wani faifai mai alaƙa da Rolling Stones. Sai a 2019 Mick Jagger da Keith Richards suka mayar masa da haƙƙinsa.)

Mu da muke hulɗa da littattafai ya kamata wannan lissafi ya ɗaure mana kai. Ƙagaggen labari ɗaya Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bar mana, Shaihu Umar, kuma ba mu taɓa jin wanda ya yi masa dariya don bai rubuta na biyu ba. A adabi, aiki ɗaya mai kyau ya isa a tuna da mutum da mutunci. A kasuwar waƙa kuwa sai ya zama abin zolaya.

To me ya sa shekarun 1990 suka haifi irin waɗannan ƙungiyoyi da yawa haka? A watan Satumban 1991 Nirvana suka fitar da kundinsu Nevermind, zuwa Janairun 1992 ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya. Manyan kamfanonin faifai ba su hango haka ba, sai suka ruɗe. Duk wasu samari masu jita da suma a hargitse da ke wasa a ƙananan mashaya, aka bi su da takardar kwantiragi. An ɗebi ƙungiyoyi fiye da yadda za a iya renonsu, aka watsa su kasuwa a ga wadda za ta kama. Tashar MTV ta ƙara wa abin gishiri, don bidiyo guda mai jan ido yana iya ɗaga ƙungiyar da ba a sani ba cikin 'yan makonni, ba tare da ta tara masoyan da za su tsaya mata gobe ba.

Sai kuma dokar sadarwa ta 1996, wadda ta cire ƙayyade yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin Amurka. Kafin dokar, iyakar 40 ce. Bayan 'yan shekaru, kamfanin Clear Channel kaɗai yana da sama da 1,000. Ma'ana, mutane ƙalilan ne ke zaɓen abin da ƙasa guda za ta ji, kuma sun fi son waƙar da aka riga aka gwada ta a kunnen masu sauraro. Idan waƙarka ta farko ta ci, za a yi ta maimaita ta har ta gundure mutane, ta biyu kuma ba za a ba ta dama ba in ba ta yi kama da ta farkon ba.

Akwai wata dabarar da ta fi waɗannan muni. Kamfanoni suka daina sayar da waƙa ɗai-ɗai, don a tilasta wa wanda ya ji waƙa a rediyo ya sayi kundi sukutum, mai waƙoƙi goma sha wani abu, da tsadarsa. Abin ya kai har Billboard ta canza ƙa'idarta a Disambar 1998, ta fara lissafa waƙoƙin da ba a sayar da su su kaɗai. Mai saye ya kai faifai gida, ya tarar sauran waƙoƙin ba irin wadda ya so ba ne, sai ya ji an cuce shi, ya ƙullaci mawaƙan maimakon kamfanin. Ba mamaki da Napster ta bayyana a 1999 matasa suka rungume ta hannu biyu. A 1998 kuma kamfanin Seagram ya sayi PolyGram a kan sama da dala biliyan 10, ya haɗe shi da Universal, aka sallami ma'aikata da mawaƙa masu yawa. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta. Wanda ke son ganin yadda abin yake daga ciki, makaɗin gangar Semisonic, Jacob Slichter, ya rubuta littafi a 2004 inda ya bayyana yadda ake kashe maƙudan kuɗi don a sa waƙa a rediyo, sannan a rubuta kuɗin a matsayin bashi a kan mawaƙan. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Mu koma kan Gregg Alexander, don labarinsa ya rushe tunanin cewa duk mai waƙa ɗaya gazawa ya yi. A ganinmu “You Get What You Give” tana cikin waƙoƙi mafi kyau da aka yi a shekarun nan goma. Piyano ne ke jan ragamarta, ba jita ba, kuma yana tafiya da wani irin ɗoki kamar yaron da aka taso daga makaranta. Muryar Alexander takan haura har ta kusa tsinkewa, kuma a daidai wannan gaɓar ne waƙar ke kama zuciya, don saƙonta na kada a karaya ne, ga shi kuma mai faɗar kamar shi ma yana gab da karayar. A ƙarshenta ya jero ƙorafi kan bankuna da kamfanonin inshorar lafiya, sannan ya caccaki wasu fitattun mawaƙa da sunayensu. Daga baya ya ce gwaji ya yi, ya ga wanne 'yan jarida za su ɗauka. Suka ɗauki zagin mawaƙan, suka bar maganar bankuna.

Waƙar ta kai ta 5 a Ingila, ta 36 a Amurka. A tsakiyar 1999, tun kafin waƙa ta biyu ta gama fita, ya wargaza ƙungiyar da kansa. Ya gaji da yawon otal-otal da amsa tambaya ɗaya sau ɗari. Ya koma bayan labule yana rubuta wa wasu. Shi ne ke bayan “Life Is a Rollercoaster” ta Ronan Keating, da “Murder on the Dancefloor” ta Sophie Ellis-Bextor, wadda ta sake tashe a farkon 2024 bayan an sa ta a fim ɗin Saltburn, da “The Game of Love” ta Santana da Michelle Branch wadda ta ci kyautar Grammy a 2003. Mutumin da ake cewa waƙarsa ɗaya, ashe mun sha jin waƙoƙinsa a bakin wasu ba mu sani ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Linda Perry ta 4 Non Blondes, masu “What's Up?” ta 1993, ta bar ƙungiyar a 1994 bayan kundi ɗaya tak. Ita ta rubuta wa Pink “Get the Party Started”, ta rubuta wa Christina Aguilera “Beautiful”. Game da “What's Up?” ɗin kanta, ra'ayinmu ya rabu. Kiɗan ba wani abu ba ne, sauti uku ne ke zagayawa daga farko har ƙarshe, baitocin kuma na ɗalibar da ta fara tunanin duniya ne. Muryar Perry ce ke ɗauke da komai, tana gurnani, tana karyewa, tana ihu, kuma amshin an yi shi ne don taron mutanen da ba su iya waƙa ba su rera tare. Shi ya sa ta ƙi mutuwa, har yau takan faɗo mana a TikTok. Shi ma Dan Wilson na Semisonic, mai “Closing Time” ta 1998, wadda kowa ya ɗauka waƙar tashi daga mashaya ce alhali ya ce haihuwar da matarsa ke shirin yi ce a ransa, shi ne suka rubuta “Someone Like You” tare da Adele. Abin da waɗannan uku suka nuna mana shi ne iya rubuta waƙa sana'a ce daban, iya zama tauraro kuma wata sana'ar ce daban. Kasuwa ta auna su da ta biyun, ta ce sun faɗi.

Labarin da ya fi ba mu dariya, ya kuma fi sa mu tunani, shi ne na Chumbawamba. Duk wanda ya taɓa buga wasan ƙwallon kwamfuta na gasar cin kofin duniya ta 1998 ya san “Tubthumping”, ko da bai san sunanta ba. A kunne waƙar mashaya ce, ta mutumin da ake kayarwa yana miƙewa, ga kakaki, ga amshin da ake yi da ihu. Amma waɗanda suka yi ta ba sabbin shiga ba ne. Tun 1982 suka kafu a arewacin Ingila, suna zaune gida ɗaya a Leeds, suna bin aƙidar da ba ta yarda da kowace irin hukuma ba. Sun goyi bayan yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985. Kundinsu na farko a 1986 suka ne ga bikin Live Aid, suna zargin taurari da amfani da hotunan yaran da yunwa ta kama don tallar kansu. A 1988 sun yi kundi guda na tsofaffin waƙoƙin boren talakawan Ingila, da murya zalla babu kiɗa. Sun shekara 15 a haka kafin waƙar da ta kai ta 2 a Ingila, ta 6 a Amurka.

Kuma a kamfanin EMI suka fitar da ita, kamfanin da su da kansu suka taɓa shiga wani faifan haɗaka na la'antarsa. Tsofaffin masoyansu suka ce sun sayar da kai. Abin da suka yi da damar ne ya sa muke ganin zargin bai cika adalci ba. A bikin kyaututtukan Brit na 1998, ɗaya daga cikinsu, Danbert Nobacon, ya sheƙa wa mataimakin firaminista John Prescott ruwan ƙanƙara, saboda gwamnatin Leba ta ƙi tsaya wa ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Liverpool da aka kora. Wata daga cikinsu, Alice Nutter, ta faɗa a talabijin ɗin Amurka cewa wanda ba shi da kuɗin sayen faifansu ya ɗauke shi daga manyan kantuna. A 2002 kamfanin motoci na General Motors ya biya su don ya yi talla da wata waƙarsu, suka karɓi kuɗin suka miƙa wa ƙungiyoyin da ke bin diddigin ɓarnar manyan kamfanoni, har da shi General Motors ɗin. Suka ci gaba da fitar da faya-faye har 2012 da suka rufe shago da kansu.

Duk da haka, ba za mu ɓoye cewa waƙar ta ci su da yaƙi ba. Sun so ta zama ƙofar da za a bi a shiga ɗakinsu, sai mutane suka tsaya a bakin ƙofa suna rawa. Amshin ya yi faɗin da kowa zai iya sa shi kamar riga, har 'yan siyasar da ƙungiyar ta tsana. A 2024 sai da tsofaffin 'yan ƙungiyar suka fito suka nemi Winston Peters, mataimakin firaministan New Zealand na lokacin, ya daina amfani da ita a tarukansa. Idan waƙarka ta dace da bakin abokin gabarka ba tare da ya canza ko kalma ɗaya ba, akwai tambayar da ya kamata ka yi wa alƙalaminka.

Kada kuma tausayi ya rufe mana ido. Akwai waɗanda kasuwa ba ta zalunce su ba. Deep Blue Something daga jihar Texas sun kai ta 5 a Amurka da “Breakfast at Tiffany's”, suka hau ta ɗaya a Ingila a 1996. Labarin wasu masoya ne da soyayyarsu ke mutuwa, saurayin ya rasa abin da ya haɗa su sai wani tsohon fim na 1961 da dukansu suka ɗan so. Dabarar tana da kyau, amshin yana manne wa kunne kamar ƙaya, amma mun saurari sauran kundin sau biyu ba mu iya tuna ko waƙa ɗaya ba. Irin waɗannan suna da yawa, kuma waƙa ɗayar ita ce iyakar abin da ke cikin tulunsu. Ba laifi ba ne. Tom Hanks ya fahimci haka da ya shirya fim ɗin That Thing You Do! a 1996, kan wasu samari na 1964 da suka yi tashe da waƙa guda suka watse kafin shekara ta zagayo. Wanda ya rubuta waƙar fim ɗin, Adam Schlesinger, shi ma ƙungiyarsa Fountains of Wayne da waƙa ɗaya aka san ta a Amurka, duk da tarin kyawawan waƙoƙin da ya bari kafin korona ta ɗauke shi a Afrilun 2020.

Abin da ke damunmu da yadda ake tuna waɗannan mawaƙa shi ne ana yin sa kamar an san ƙarshen labarin tun farko. A 1993 babu wanda zai iya rantsuwa cewa Radiohead ba masu waƙa ɗaya ba ne. “Creep” ta fito a 1992 ba ta yi kasuwa a Ingila ba, sai da gidajen rediyon Isra'ila da na San Francisco suka ɗauke ta, sannan ta dawo gida da ƙarfi. 'Yan ƙungiyar sun tsane ta har suka daɗe ba sa rera ta. Kamfaninsu ya yi haƙuri da su, suka yi The Bends a 1995, suka yi OK Computer a 1997, yau ana lissafa su cikin manya. Baiwarsu ba abin musu ba ce, amma sun kuma samu lokaci, abin da wasu ba su samu ba.

Blind Melon na cikin waɗanda ba su samu ba. Sun kafu a Los Angeles a 1990, uku daga cikinsu 'yan jihar Mississippi ne, mawaƙinsu Shannon Hoon kuma daga Indiana. “No Rain” ta yi tashe a 1993 saboda bidiyonta: wata yarinya mai tabarau sanye da kayan ƙudan zuma tana rawa ana yi mata dariya, tana yawo cikin gari har ta iske wani fili cike da masu irin shigarta. Kiɗan yana da haske, jitar tana tsalle kamar safiyar sallah. Amma Brad Smith, makaɗin da ya rubuta ta, kan ciwon damuwa ya yi ta, kan mutumin da ya kasa tashi daga gado. Wannan saɓani tsakanin kiɗa da magana shi ne ƙarfin waƙar, kuma shi ne abin da bidiyon ya binne. Kundin ya sayar da kwafi miliyan 4 a Amurka, ƙungiyar ta yi wasa a bikin Woodstock na 1994, amma a idon jama'a sun zama masu yarinyar zuma.

A watan Agustan 1995 suka fitar da kundi na biyu, Soup, wanda suka ɗauka a New Orleans. Yana buɗewa da kakakin 'yan faretin birnin, akwai banjo a ciki, akwai waƙoƙi kan kisa da kashe kai da shaye-shaye, akwai kuma wadda Hoon ya yi yana jiran haihuwar 'yarsa, yana tambayar kansa ko zai iya zama uba. Babu komai a ciki mai kama da “No Rain”. Masu sharhi na lokacin suka yi masa kaca-kaca, rediyo ta kau da kai. Mu kam mun saurare shi yanzu, shekaru kusan talatin bayan haka, mun same shi ya fi na farkon nesa ba kusa ba: ya fi shi ƙarfin hali, ya fi shi gaskiya, muryar Hoon kuma ta daina kwaikwayon kowa.

Bai daɗe da fitowa daga cibiyar gyaran masu shaye-shaye ba aka koma yawon wasanni don a tallata kundin da ba ya sayuwa. Ranar 21 ga Oktoban 1995 aka tarar da gawarsa cikin motar ƙungiyar a New Orleans, hodar ibilis ta yi masa yawa. Shekararsa 28, 'yarsa kuma ba ta wuce wata uku da 'yan kwanaki ba. A 1996 sauran 'yan ƙungiyar suka tattara waƙoƙin da ya bari ba a fitar ba, suka yi kundi, suka sa masa sunan yarinyar.